Ba kowane mai gidan haya ne Alhaji ba

Duk sanda anka tada zancen haya a garin ga namu na Sakkwato, ko a majalisar bakin titi ko a waya, tun kafin a yi nisa ka san inda za a sauka, masu gida azzalumai ne, ba su tsoron Allah, sun sake ƙara kuɗi, gwamnati ta shigo ta taka musu birki. Ni ma shekara tara ina cikin masu wagga waƙa lokacin da nike haya a Arkilla, kuma ban janye duka abin da na faɗa ba har gobe. Sai da mahaifinmu ya rasu, Allah shi jiƙan shi, 'yan uwa sunka ce tunda ni ne babba ni zan riƙa kula da gidan da ya bari a Mabera, sannan na ga ɗaya gefen, ashe dai mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.

Gidan ba wani katafaren gida ba ne, ciki da falo ne guda shida a jere, banɗaki biyu, rijiya ɗaya a tsakar gida. Baba ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, da garatutinsa ya fito bai sayi mota ba, bai ƙara aure ba, bulo ya saya da kwano, yana cewa fansho yau a biya gobe a ƙi amma ɗaki ba ya gudu. Daga kuɗin hayar nan ake sayen maganin hawan jinin Inna, daga nan ake biyan kuɗin makarantar ƙannena mata biyu, abin da ya saura a raba wa magada, wani lokaci rabon mutum bai kai kuɗin buhun gero ba. In ka zagaya Mabera da Gagi da Nakasari da Gidan Igwai da Runjin Sambo ka tambayi su wa ke da gidajen da talakawa ke haya, irin mu za ka fi tararwa, ɗan fansho, matar da miji ya mutu ya bari, marayu, ɗan kasuwar da ya karye ya rage mishi gida ɗaya. Manyan masu kuɗin da ake zagi ba su gina ciki da falo, su nasu gidajen bankuna da ƙungiyoyi ke kamawa, kuma suna da lauya a hannu, rigimar haya ba ta hana su barci.

Bari in faɗi abin da ya same mu. Akwai wani bawan Allah da ya kama ɗaki biyu tun Baba na da rai, ma'aikaci ne, albashinsa na shiga duk wata, yana da babur sabo. Shekarar farko ya biya cif, ta biyu ya ba da rabi ya ce sauran na nan tafe, daga nan sai labari. In na je sai ya tarbe ni da fara'a, Malam ka yi haƙuri wallahi ƙarshen watan ga, har ruwan sanyi yake sa yaro ya kawo mani. Na yi haƙuri wata shida. Na kai maganar wajen liman, ya kira shi, ya yi alkawari. Na kai wajen mai unguwa, ya ce ranka shi daɗe ai ni da gidan ga mun zama ɗaya, marigayi ubana ne, ya sake yin alkawari gaban dattawa. Da na ga abin ya ƙi na nemi wani abokina lauya, a nan na fara jin abin da ban taɓa sani ba duk zaman hayar da na yi.

Ya ce mani dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya, wadda kusan duk jihohin ƙasar ga ke bin irinta, ta ce in ba ku rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan mako-mako notis ɗin mako ɗaya za a ba shi, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai biyan shekara kuwa na wata shida cur. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi wata takarda ta kwana 7 cewa mai gida na da niyyar zuwa kotu, bayan nan ne fa za ka shigar da ƙara, ba wai ka samu ɗakinka ba, a'a, yanzu ne ma aka fara. Kuma ya ja kunnena cewa in anka yi kuskure a lissafin kwanaki ko a irin hayar da anka rubuta, lauyan ɗan haya na iya sa a kori ƙarar gaba ɗaya ka koma ka fara ƙirga wata shida daga farko. Na ce mishi to mutumin da ya shekara bai biya ba shi ma sai an bi duk wanga, ya yi dariya ya ce tunda ba ku da yarjejeniya a rubuce gara a bi a hankali.

Munka bi a hankali. Notis ya cika, na kwana 7 ya cika, munka shiga kotu, zaman farko bai zo ba anka ɗage, na biyu ya zo ya ce yana neman lauya anka ɗage, ana cikin haka ma'aikatan kotuna na ƙasa baki ɗaya sunka shiga yajin aiki a watan Afrilu na 2021, kotuna sunka kasance a garƙame har cikin Yuni, su ma suna da hujjarsu ta neman 'yancin kuɗin ɓangaren shari'a, ban ga laifinsu ba, amma ni dai wata biyu kenan sun ƙaru. Da anka dawo sai wata ɗagewar, sai wata. Kowane zuwa sai na bar wurin aikina, kuɗin mai, kuɗin takarda, kuɗin kai sammaci. Ranar da ya ga alamar hukunci ya ƙarato, cikin dare ya kira a-kori-kura ya kwashe kayansa, da safe maƙwabta sunka kira ni. Wata 22 ba sisi, ƙofa ɗaya a karye, silin ya rufto, ga tulin bashin wuta wanda 'yan wuta sunka ce gida suka sani ba mutum ba. Kotu ta ce ya biya, eh ta ce, takardar na nan cikin akwatin Inna.

Kada ka ce namu ne ya yi tsawo. Akwai wata shari'a kan wani fili da anka ba da haya a Surulere ta Legas wadda ta yi sama da shekara 20 tana yawo kafin Kotun Ƙoli ta yanke ta a 2021, a cikin hukuncin ne Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta nuna cewa bai kamata ɗan haya ya riƙa fakewa da kuskuren notis yana ci gaba da zama a gidan mutane ba, tunda takardar ƙarar kanta ta isa ta sanar da shi ana son gidan. Har yau lauyoyi na gardama kan iyakar inda maganar tata ta tsaya, amma ko ba komai ya nuna su ma na sama sun ga yadda ake wasa da dokar.

To yanzu ga abin da nike so mutane su gane, wanda shi ne ya sa ni wanga dogon rubutu. Bayan an gyara ɗakunan nan, me kake jin na yi? Na ce wa dillali daga yau ba na karɓar rabi, shekara cif ko a bari, kuma sai mutum ya kawo wanda zai tsaya mishi, wanda na sani na san gidansa. Kwana kaɗan ya zo mani da wata mata da 'ya'ya huɗu, daga wajen Sabon Birni sunka gudo saboda 'yan bindiga, mijin an kashe shi, tana surfe da wankau, ta haɗa kuɗin wata uku a ƙulle a bakin zane, ta ce Alhaji ka taimaka mani don Allah sauran zan riƙa kawowa duk wata. Ni ba Alhaji ba ne, ko Jidda ban taɓa gani ba. Na dube ta, na tuna wata 22, na tuna maganin Inna, na ce Baiwar Allah ki yi haƙuri an riga an kama. Ƙarya na yi mata. Har yau in na wuce kangwayen nan na bayan gari da mutanen Isa da Rabah da Goronyo sunka rufe da buhu da leda suna kwana a ciki sai gabana ya faɗi, ina tunanin ko tana cikinsu. Wancan ma'aikaci mai sabon babur shi ya ci kuɗin, wagga mata ita ta biya.

Haka abin yake a kowane gida da anka taɓa ƙonawa. Kuɗin shekara da ake cewa zalunci ne, a wajen ƙaramin mai gida shi ne kawai garkuwar da ta rage mishi, don ya san ranar da ɗan haya ya daina biya, mafi ƙaranci sai ya yi wata shida da kwana bakwai kafin ma ya ga fuskar alƙali. Shi ya sa wani ke cewa ba ya ba gwauro, wani ba ya ba bazawara, wani ba ya ba ɗan sanda ko soja, wani da ya ji an ce lauya ne mai neman ɗakin sai ya ce an kama. Wasu daga ciki son zuciya ne da wariya tsagwaronta, ban musa ba, amma da yawa tsoro ne.

Masu cewa a yi doka a mayar da haya wata-wata, a zuciyata ina tare da su. Albashi wata-wata ake biya, mafi ƙarancinsa naira 70,000 tun da anka sa hannu kan dokarsa a watan Yuli na 2024, mai shayi da ɗan kabu-kabu kuwa kullum-kullum suke samu, a ce mutum ya tara na shekara ya dire lokaci ɗaya ai wahala ce, na sha ta, na taɓa sayar da tunkiyar layya don in cika kuɗin ɗaki. Amma an gwada mun gani. Legas ta yi dokar haya a 2011 zamanin Fashola, ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, tambayi duk ɗan uwanka da ke zaune can ko an daina neman na shekara biyu, ko kuma a karɓi shekara ɗaya a rubuce a ƙara maka kuɗin ejan da kuɗin yarjejeniya da kuɗin ajiya har su kusa kai rabin wata shekarar. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai wani ƙudiri majalisar dattawa kan a riƙa biyan haya wata-wata a Abuja, anka yi ta tafi, har yau mutanen Abuja shekara suke biya. Dalilin ɗaya ne, ka ce mutum ya ajiye sandarsa amma ba ka ɗaure karen ba. In anka kawo irin wagga doka Sakkwato ba tare da an gyara hanyar karɓar gida ba, abin da zai faru shi ne masu irin gidanmu su rufe, ko su mayar da ɗakunan shago da sito, ko su ba 'yan uwa kawai, ɗakin haya ya ƙara ƙaranci, kuɗinsa ya ƙara hawa ta bayan fage.

Maganar ƙayyade farashi ma haka. Siminti a nan Kalambaina ake yin shi, da idonka kana ganin manyan motoci na fita da shi, amma buhun da munka sani ƙasa da 5,000 a farkon 2023 ya haye 10,000 a farkon 2024, bayan cire tallafin mai da sakin naira. Kwano, rodi, katako, fenti, ladan birkila, kuɗin motar kwasar masai, ba wanda ya tsaya. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a lissafin gwamnati da kanta. Duk wanda ya san Mabera da damina ya san abin da ruwa ke yi wa gindin katanga, kowace shekara sai an taɓa wani wuri. In za a ce kada in ƙara kuɗin ɗaki to a faɗa mani wa zai hana buhun siminti ƙaruwa. Kuma ka lura, ko da kotu ta sa an biya ka bashin shekara biyu bayan shekara biyu, kuɗin da ya isa sayen bandir ɗin kwano a lokacin yanzu rabi zai saya.

In ɓera da sata daddawa ma da wari, mu ma masu gida akwai namu. Na san wanda ya sa anka cire kwanon ɗakin ɗan haya cikin zafin Afrilu, a garin da rana ke wuce maki 40, da jinjiri a ɗakin. Na san mai yanke wuta, mai sa kwaɗo a rijiya, mai watso kayan mace waje mijinta ba ya gari. Duk wannan doka ta hana, kuma in ɗan haya ya kai ƙara kai mai gidan za ka biya diyya, ga kuma hisabi. Akwai masu zuwa ofishin 'yan sanda a kamo musu ɗan haya, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, ba aikinsu ba ne. Akwai mai ninka kuɗi don kawai ya ji ɗalibai da ma'aikatan asibitin koyarwa na neman ɗaki a unguwar, ko ƙusa bai buga ba. Ga dillalai, bayan la'adar kashi 10 sai an ba su kuɗin ganin gida, wani lokaci su ne ma ke zuga mai gida, Alhaji ai ɗakin ga ya wuce haka, don la'adarsu ta ƙaru. Ba na kare ko ɗaya. Abin da na lura dai, da yawa daga masu cire kwano sai da suka fara jin labarin irin nawa, suka ce su ba za su je kotu su tsufa ba.

Wani abin kuma laifinmu ne mu duka, ba mu son rubutu. Baba bai taɓa rubuta komai da kowa ba, a ganinsa ka ce wa Musulmi ɗan uwanka ya sa hannu kamar ka ce mishi ɓarawo ne. Abin mamaki a garin Shehu, garin da yaro ke tashi da karatun fiƙihu, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Malamanmu na Malikiyya sun yi wa haya babi guda, sai an san kuɗin an san wa'adin, har sun ce mutuwar mazaunin gida ba ta warware hayar. Addinin kuma ya raba mana mutum biyu da mu muke cakuɗawa, wanda ke cikin ƙunci an ce a saurara mishi har ya samu, mai hali kuwa da ke jan ƙafa hadisi ya kira abin nasa zalunci. Matar Sabon Birni da mai sabon babur ba ɗaya ba ne, amma tsarin da muke da shi bai san bambancinsu ba, kowa wata shida, kowa ɗagewa, shi da ya san kan takarda shi ke cin riba. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, mu kam mun yi ta.

Yanzu ma ga sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, ta ce mai biyan haraji za a cire mishi kashi 20 na kuɗin hayar da yake biya a shekara daga cikin kuɗin shigar da ake lissafa wa haraji, iyakarsa naira 500,000. Abu mai kyau ga ma'aikaci, amma sai ya nuna shaidar abin da ya biya, ma'ana zai zo neman rasit, masu gida kuma da yawa da sun ji rasit sai su tuna masu haraji, tun lokacin da anka yi ta hayaniyar harajin hatimi kan takardun haya a 2020 mutane ke ɗari-ɗari. Ya kamata a zauna da ƙananan masu gida a yi musu bayani da Hausa, wa zai biya me, wa ba zai biya ba, in ba haka ba rigima sabuwa ce ke tafe tsakanin mai neman rasit da mai ƙin bayarwa.

Ni abin da nike roƙon majalisar dokokin jiha da ɓangaren shari'a ba mai tsada ba ne. A fitar da takardar yarjejeniya shafi ɗaya, da Hausar boko da ajami, wadda mai kwamfuta a bakin kasuwa zai iya bugawa, a rubuta kuɗi, ranar biya, wa ke gyaran me, wa ke biyan wuta, da wa'adin tashi in an kasa biya, a sa hannu gaban mai unguwa ya riƙe kwafi ɗaya, sai ya zama ba ni na ce ka sa hannu ba, doka ce ta ce, kunya ta fita. In rigima ta taso a fara sulhu a wajensa cikin mako biyu, in ya gagara a tafi gaban alƙalin da anka ware wa shari'ar haya kawai, da wa'adin da ba a wucewa. Ba sabon abu ba ne, kotunan ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018, Kano ta biyo baya, kwana 60 anka ɗibar musu su gama shari'a kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Wanda alƙali ya tabbatar yana da hali ya ƙi biya, a cire daga albashinsa ko a kama kadararsa. Wanda ya tabbatar ba shi da shi, bazawara ko ɗan gudun hijira, a ba shi lokaci, kuma a nan ne nike ganin Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha za ta iya shigowa ta ɗauki wata biyu ko uku, maimakon a bar nauyin kan wata tsohuwa mai ɗaki shida. In anka yi wanga ni ne na farko da zan karɓi wata-wata, wallahi ya ma fi mani, don maganin Inna ba shekara-shekara ake sayensa ba.

Gidajen gwamnati na Kalambaina da Gidan Salanke da sauransu madalla, amma ma'aikata ke samu, su ma ba duka ba. Asusun gidaje na ƙasa da anka kafa tun 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi, rancensa sai da takardun fili cikakku, mu kuwa gidanmu takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa da shaidu, neman takardar mallaka ta gwamna ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 wani dogon zance ne na wata rana. Ma'ana mai facin taya da malamin firamare da mai sayar da ƙuli-ƙuli a gidajen irinmu za su ci gaba da zama, ko an so ko an ƙi.

Shekaranjiya dillalin nan ya sake kira na, ɗaki ɗaya ya fita, akwai wani yaro mai gyaran waya da ke son ya yi aure bayan salla, ya ce yana da kuɗin wata huɗu a hannu, sauran zai riƙa biya a hankali, kuma an ce yaron kirki ne ba ya fashin jam'i. Na ce bari in yi shawara da Inna. Ita ta ce in ba shi, Allah na nan. Kwana biyu kenan lambar dillalin na kan wayata ban kira ba.